Kafin a Ɗora Jirgin a Sikeli

Ƙannena matasan Agege, da na Idi-Araba, da Alaba Rago, da Mile 12. Akwai maganar da na daɗe ina son mu yi, a kan abin da yake kusa da ku ƙwarai amma ba a cika ɗauko shi a majalisa ba. Maganar teku ce, da jiragen da suka nutse a cikinta, da aikin mutanen da suke sauka ƙarƙashin ruwa su gano abin da ya sami waɗannan jirage da mutanen da ke ciki.

Da yawanku a Legas aka haife ku, ko kun shekara da shekaru a cikinta, amma ba ku taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba. Sai dai a hango ruwa ta tagar mota in an hau gadar Third Mainland. Wanda ya je bakin teku a cikinmu, ko dai tallar tsire da rake ce ta kai shi, ko neman ƙarfe. 'Yan neman ƙarfen kuwa sun fi kowa sanin inda matattun jirage suke. Duk wanda ya yi bola-jari ta wajen Lekki ya san gawarwakin jiragen da igiyar ruwa ta jefo kan yashi, musamman bayan guguwar 2010 da ta tsinko jirage da dama daga inda suka yi anga ta watso su gaɓa. Ya san nauyin farfela, ya san ratar kuɗin tagulla da na baƙin ƙarfe a sikeli. Ban raina wannan sana'a ba. Ta ciyar da gidaje, ta gina ɗakuna a Arewa, ta rufa wa mutane da yawa asiri.

Sai dai jirgi suna ya tara. Akwai irin waɗancan na kan yashi, na jiya-jiyan nan, waɗanda masu su suka gudu suka bari. Su ɓarna suke yi: suna karkatar da igiya ta cinye gaɓa, na cikin ruwa kuma suna farke cikin kwale-kwalen fasinja. Kwashe su alheri ne, kuma aikin hukumar NIMASA ne. A 2021, lokacin da Bashir Jamoh ɗan jihar Kaduna yake shugabantarta, ta ƙaddamar da kwashe irinsu a mashigin ruwan Badagry. Ko su ma ba na kowa ya sa wa wuta ya yanka ba ne, domin dokar jiragen ruwa ta 2007 ta ajiye jami'i na musamman da ake kai wa rahoton duk jirgin da ya lalace. Akwai kuma wasu tsofaffi, can ƙarƙashin ruwa da laka, waɗanda yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ce duk wanda ya cika shekara 100 a ruwa ya zama kayan tarihi, ba a saye, ba a sayarwa. Najeriya ta amince da wannan yarjejeniya tun 2005. A kan waɗannan na biyun nake magana.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da jirgin Bature da ya nutse? Da ruwanmu, kuma ruwan ya kai wuya. A farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka game ƙasar Hausa, sannan daular Oyo ta wargaje, kamammun yaƙi sun yi ta gangarowa kudu daga hannu zuwa hannu. Ikko, wato Legas ɗin nan da muke zaune, ta zama babbar tashar lodin bayi ta wannan yanki, tare da Badagry da Porto-Novo da Wida. Mafi yawan jiragen Bahiya ta ƙasar Brazil suka nufa. Yawan Hausawan da aka sauke can ya kai har a 1807 hukuma ta bankaɗo shirin borensu a birnin Salvador, suka sake tashi a 1809, suka kuma tashi a 1814. A boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, Yarabawa ne kan gaba, akwai Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an tarar da layu da rubutun Larabci. Mahommah Gardo Baquaqua, wanda aka buga labarin rayuwarsa a Detroit a 1854, ɗan garin Djougou ne amma mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Wajen 1845 aka loda shi zuwa Brazil. Ba na so mu yi wa kanmu ƙarya a nan: ba Turawa ne suka shiga Gobir ko Zazzau suka kamo mutanen nan ba. Namu ne suka sayar da namu. Shi ya sa ma nauyin neman sawunsu ya fi hawa kanmu.

Waɗanda suka isa Bahiya an san labarinsu ko yaya. Waɗanda ba su isa ba fa? Masu bincike sun tattara bayanin tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000 a rumbun SlaveVoyages, wanda kowa zai iya buɗewa a wayarsa kyauta, kuma kusan dubu daga cikinsu nutsewa suka yi. Waɗanda aka gano aka tabbatar da sunansu 'yan ƙalilan ne.

Ku ji yadda aka gano guda. A Disambar 1794 wani jirgin Fotugal mai suna São José ya taso daga Mozambik da bayi sama da 500, ya daki duwatsu dab da birnin Cape Town. Fiye da 200 suka halaka, waɗanda suka tsira aka sayar da su a nan garin. A shekarun 1980 wasu masu farautar dukiya suka ci karo da ragowarsa, suka ɗauka jirgin 'yan kasuwar Holan ne, suka kwashi abin da suka kwasa. Sai daga baya Jaco Boshoff na gidan tarihin Iziko da abokan aikinsa suka tono bayanin da kyaftin ɗin jirgin ya yi a gaban hukuma, suka koma wurin. Abin da ya tabbatar musu shi ne wasu sandunan baƙin ƙarfe da suka tarar a yashi. Irinsu ake jerawa a gindin jirgin bayi don ya zauna daidai a ruwa, saboda ɗan Adam ba shi da nauyin buhu, kuma yana motsi. Takardun tashar Lisbon sun nuna an loda wa São José irin waɗannan sanduna kafin ya taso. A 2015 aka sanar wa duniya. To ku dubi wannan: sandar ƙarfe ce mai tsatsa, wadda in ta faɗo hannun dila kilo kawai zai duba. Da an narkar da ita, da mutum ɗari biyu sun rasa shaidar da ta rage ta cewa a nan suka kwanta.

Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. A Ghana, a 2003, Gregory Cook ya bi gaɓar Elmina da na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa ta zano hoton abin da ke kwance, ya gano jirgi maƙare da tasoshin tagulla a jere cikin juna, da mundayen da ake ciniki da su a matsayin kuɗi, da duwatsun ado, da farin wuri. Masana sun fi karkata ga cewa jirgin Holan ne da ya nutse a 1647. Wurin nan da kakanninmu suka yi ta ƙirgawa a Kasuwar Kurmi, da yawansa daga tsibiran Maldives yake, ta cikin irin waɗannan jirage ya sauka gaɓa kafin fatake su haura da shi. A Senegal kuma Farfesa Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop ya ga ba za a yi ta jiran baƙi ba, ya koyi nutso da girmansa, ya sa ɗalibansa maza da mata suka koya, suna bincike a kewayen tsibirin Gorée. Mu da muka sa hannu a yarjejeniya tun 2005, masu wannan ilimi a cikinmu ba su taka kara sun karya ba.

Ga shi kuwa bakin ruwan Legas ya ci jirage ba kaɗan ba. Inda tafkin ya haɗu da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa da igiya mai ƙarfi a kansa. Kafin 1914 babban jirgi ba ya shigowa. Can waje yake tsayawa, a yi ta jigilar kaya da mutane da ƙananan jirage da kwale-kwale, wasu su kife. Sai da Turawa suka fara zuba katangun dutse biyu a bakin tafkin wajen 1908, da duwatsun da jirgin ƙasa ya riƙa ɗaukowa daga yankin Abeokuta, sannan hanya ta buɗe. Katangun sun tare yashin da teku ke turowa daga yamma, shi ya sa gaɓar da ke wajen hasumiyar fitila ta Tarkwa Bay ta yi ta ƙaruwa, Bar Beach kuma ta yi ta zaizayewa har aka zo aka cike wurin aka gina Eko Atlantic. Wannan yana nufin wani abin da ya nutse a da yanzu yashi ya binne shi, wani kuma injinan yashe ƙasa na iya markaɗe shi gobe ba wanda ya sani. Aikin ba ya jira.

Na san abin da ake cewa: mu ba mutanen ruwa ba ne. Wanda ya faɗi haka bai je Argungu ba, inda Kabawa suke nutso da hannu su cafko kifi a Matan Fada, bikin da aka faro tun 1934. Bai san Sarkawan Yawuri ba. Kuma kwale-kwale mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka a Arewa yake. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da katako. Bai faskara shi ya hura wuta ba, ya kai magana gaba. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tono shi: tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Yanzu yana Damaturu. Tsohuwar Bussa, inda jirgin Mungo Park ya tarwatse a 1806, tana kwance ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse ruwa a 1968. A Jebba ma, inda jirgin ƙasanmu na Kano yake tsallake Kwara, wani jirgin tururi mai suna Dayspring ya daki dutse a 1857, a cikinsa akwai Samuel Ajayi Crowther da John Glover, wanda daga baya ya kafa rundunar Hausawa a Legas. Wanda ya koyi aikin nan a teku, gida ma akwai abin da ke jiransa.

Yanzu bari in zo kan jiki, don a nan ne ake mutuwa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin dukan iskar da ke saman kanka a tudu. Tun a mita biyu ko uku za ka ji kunne ya fara zafi. Sai ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ya buɗe, ka kuma yi ta maimaitawa kana sauka. In ya ƙi buɗewa, ka ɗan hau sama ka sake. Wanda ya yi taurin kai dodon kunnensa zai fashe. Tukunyar da ke bayanka iskar duniya ce aka tace aka matse, ba oksijin zalla ba. Iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka riƙe numfashi ka taso, kafin ka iso sama ta ninka biyu a cikin huhunka, huhu kuwa ba ya jure haka. Don haka doka ta farko da malami zai dasa maka ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Ta biyu, kada ka yi gaggawar tasowa. Naitirojin da ke cikin iska yana narkewa a jininka gwargwadon zurfi da daɗewa. In ka taso a hankali, ka tsaya minti uku a mita 5, zai fita ta numfashi. In ka yi wuf ka fito, jinin zai yi abin da kwalbar lemo take yi in an girgiza ta aka ɓalle murfin. Kumfan yana toshe jijiya, ya kama gaɓoɓi, ya shanye ƙafafu, wani lokaci ya kashe.

Labarin Harrison Okene ya isa darasi. Kuku ne a wani jirgin ja mai suna Jascon-4, wanda ya kife a tekun Escravos ranar 26 ga Mayun 2013, ya sauka zurfin kimanin mita 30. Su goma sha biyu ne a ciki, shi kaɗai Allah ya yi wa sauran kwana. Ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da sanyi kusan awa 60. Masu nutson da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi. Amma ba su fito da shi kai tsaye ba, don da sun yi haka da nan take ya mutu. Jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. Suka sa masa kayan numfashi, suka shigar da shi ƙararrawar nutso, daga nan zuwa ɗakin matsin iska, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage masa nauyi kaɗan-kaɗan. Ikon Allah ne ya raya shi, kuma ilimin mutanen nan ne sanadi. A 2015 shi da kansa ya kammala horo ya zama mai nutso.

Saboda haka ina roƙonku, kada wanda ya ruɗe ku da tiyo da kwamfuresan masu faci ya ce ku sauka ku ɗauro masa ƙarfe a ba ku na goro. Injin yana zuƙo hayaƙin janareta ya tura maka, gubar ba ta da wari, sai dai a jawo gawa. Ku dubi masu ɗibar yashi a tafkin Legas, waɗanda suke nutsewa da bokiti ba kayan komai: jarumai ne, amma ku tambaye su halin kunnuwansu da idanunsu.

Hanyar da ta dace tana da tsawo, kuma daga kan iyo take farawa. Ana jingina wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo, to mu dai mun yi sakaci da wannan. A nemi wurin iyo mai malami da mai ceto, irin na babban filin wasa na Surulere, ba kududdufi ba, ba kuma bakin teku ba, don igiyar Legas tana da jan da yake kwashe ko gwani. Kafin ƙungiya irin PADI ta ba ka takardar farko sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a kan ruwa minti 10. Sannan likita. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, haka mai farfaɗiya. Mai asma ko ciwon zuciya sai abin da likita ya ce. Mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ƙwaya da kodin da wiwi ba sa shiga ruwa tare da kai. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfan nan, don haka a tsara horo a wajen watan azumi. Horon farko karatu ne, da gwaji a wurin iyo, da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, kuma iyakarka mita 18. Kafin ka biya ko sisi ka nemi lambar malamin ka duba ta a shafin ƙungiyar da ya ce ita ta ba shi izini. A Legas ruwa ya fi haske da rani. Da damina laka kan sa da ƙyar ka ga tafin hannunka.

Takardar farko ba ta ba ka izinin shiga cikin jirgi ba. Ka zagaya shi ta waje, ka kalli kifin da ya mai da shi gida. Ciki kuwa wani horo ne daban. Bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da lakar shekara hamsin, fitila ta zama banza, ƙofar da ka shigo ta ɓace, ga tsohuwar koma da wayoyi suna kama tukunya. Masu shiga suna jan zare tun daga waje, suna kuma ajiye kaso biyu cikin uku na iskarsu don dawowa da ko-ta-kwana. Ba a nutso mutum ɗaya, ko a waje ko a ciki.

Duk wannan kuwa hanyar zuwa wurin aiki ce kawai. Aikin kansa na haƙuri ne, kuma wanda yake tsammanin akwatin zinariya zai sha mamaki. Za ka sauka da tef na awo da allon roba da fensir. A kafa layi daga wannan ƙusa zuwa waccan, ka auna nisan kowane abu daga layin, ka zana, ka ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna waɗanda kwamfuta za ta haɗa su fito da surar wurin. In za a kau da yashi, da tafin hannu ake fifita shi, bututu yana zuƙewa. Minti talatin ko arba'in, iska ta yi ƙasa, ka fito. George Bass ne ya fara nuna za a iya yin wannan da tsari irin na tudu, a Cape Gelidonya ta Turkiyya a 1960, shi kuwa ɗalibin tarihi ne da ya koyi nutso dab da tafiyar. A Uluburun ta Turkiyya ma, wani jirgi mai shekara sama da 3,000 da wani mai nutson soso ya gano a 1982, sai da aka yi nutso fiye da sau 22,000 cikin shekara goma sha ɗaya. An sami tan 10 na jan ƙarfe, da tan 1 na kuza, da hauren giwa da haƙoran dorina. Da yake an rubuta inda kowane abu yake kwance, an iya gane yadda aka yi lodin da hanyar da jirgin ya biyo. Abin da aka cire ba a rubuta mazauninsa ba, ya zama kayan ado kawai. Ku kwatanta da jirgin Larabawa na ƙarni na 9 da masunta suka gano a Belitung ta Indunusiya a 1998, ɗauke da kayan tangaran na Sin kusan 60,000. Kamfanin kasuwanci ne ya kwashe cikin gaggawa aka sayar, har gidan tarihin Smithsonian na Amurka ya fasa nuna kayan saboda ƙorafin masana. Jirgin Musulmi ne na zamanin Abbasiyawa, kuma tambayoyi da yawa game da shi sun tafi ke nan.

Akwai kuma abin da addini ya riga ya koya mana. Jirgin da ya nutse da mutane maƙabarta ce. Wanda ba zai tone kabari a Agege ya sayar da abin da ya samu ba, bai kamata ya yi a ƙarƙashin ruwa ba don ba mai ganinsa. Tsintuwa ma a fiƙihu cigiyarta ake yi.

Shi ya sa nake cewa wanda yake da halin karatu ya riƙe makaranta da hannu biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilimin kayan tarihi, haka Jami'ar Ibadan. Jami'ar Iskandariyya ta Masar tana da cibiya sukutum ta binciken tarihin ƙarƙashin ruwa tun 2009, kuma a nan Larabcin da kuka koya a Islamiyya zai yi muku rana. Wanda ya ƙara da harshen Fotugal ya sami mabuɗin takardun Lisbon da Bahiya, inda sunayen jiragen da suka yi lodi a Ikko suke. Rabin aikin nan a ɗakin ajiyar takardu ake yinsa, don haka wanda likita ya hana shi ruwa bai fita daga sahu ba. 'Yan matanmu ma haka. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai ta kai, kuma ana iya neman mace ta koyar. Iyaye su duba wannan da idon basira.

Ba zan ɓoye muku ba, binciken tarihi ba ya sa mutum ya yi kuɗi, kuma horon nutso da kayansa suna da tsada ga mai neman na yau. Abin da ke kawo kuɗi shi ne nutson sana'a: duba gindin jirage a Apapa da Tin Can da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, walda da yanka a ƙarƙashin ruwa, aikin bututun mai. Takardarsa daban ce, horonsa ya fi tsanani, kuma Cibiyar Horon Man Fetur ta Effurun tana koyar da shi. Yaron da ya iya walda a Agege ya riga ya yi rabin tafiya. Babu laifi mutum ya ci abinci da wannan, ya ba tarihi ranakun hutunsa. Ina kuma kira ga sarakunan Hausawan Legas da manyan 'yan kasuwar goro da na shanu: ɗaukar nauyin yara biyu ko uku su koyi wannan bai kai kuɗin bikin aure ɗaya ba. Ku tuna Mayun 2021, da jirgi ya kife da mutane sama da ɗari a yankin Ngaski ta jihar Kebbi, da Nuwambar shekarar, da kwale-kwale ya nutse da 'yan Islamiyya a Bagwai ta jihar Kano. Masuntan gari ne suka yi ta faɗawa ruwa da numfashin ƙirjinsu. Ƙwararren mai nutso ɗaya da kayan aiki a irin wannan rana ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai abin da kowannenku zai iya daga yau, musamman ku masu sayen ƙarfe, don a hannunku abubuwan nan suke fara faɗowa. Wata rana masunci ko mai yashi zai kawo muku tsohuwar anga, ko igwa, ko wani dunƙule mai kama da dutse wanda bawon kifi da tsatsa suka lulluɓe. Kada ku sa guduma. A cikin irin wannan dunƙule ake samun mari da sarƙa da ƙusoshi, wani lokaci ƙarfen ya narke sai gurbinsa kaɗai ya rage, kuma da hoton asibiti ake leƙa shi. Kada ku bar shi a rana ya bushe: gishirin da ya shige shi zai tsattsage shi, igwar da ta yi shekara ɗari biyu a ruwa ta ruɓe cikin 'yan watanni. A nutsar da shi a ruwa cikin baho ko durom, a rufe. Ku ɗauki hotonsa ta kowane gefe da wani abu a kusa da zai nuna girmansa. Ku tambayi wanda ya kawo daidai inda ya samo shi, da zurfin wurin, da ranar, ku rubuta. In zai yarda ya koma da ku a kwale-kwale, ku ɗauki alamar wurin da taswirar waya. Kada ku baza wurin a Facebook ko TikTok, don ɓarayi sun fi masana saurin zuwa. Sannan ku kai hotunan da bayanin Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda yake ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Daga Agege jirgin ƙasa na jan layi zai sauke ku a Oyingbo, daga nan mota ɗaya ce zuwa cikin tsibiri. Ku nemi a rubuta sunanku da na wanda ya tsinto a takardar karɓa, ku kuma riƙe kwafinku.